Kalandar Ɗakin Shan Magani

A bangon ɗakin shan maganinmu na Gidan Tunau,
can bayan Sumaila, inda kwalta ta gaji ta koma,
akwai kalandar da mai sayar da taki ya raba.
Ni Rifkatu, mai allura da awon ciki,
nakan tsaya gabanta in layi ya ƙare,
ina ƙirga kwanakin da aka shafa wa ja.

An ba mu namu, ba zan ci amana ba:
biyu a Disamba, bayan dawa ta shiga rumbu,
biyu a bazara, Juma'ar gicciye da Litinin ɗinta.
Amma bana, ran Lahadin tashi daga matattu,
takarda ta zo daga ƙaramar hukuma,
a fita rigakafi gida-gida.
Na rataya akwatin ƙanƙara,
ina ɗiga wa 'ya'yan mutane magani a baki,
ina jiyo tulun zumuntar mata daga majami'a
yana kiran sunana, ban amsa ba.
Wanda ya sa hannu bai ƙi ni ba.
Bai san da ni ba ne,
wannan kuwa ya fi ciwo.

Na kai ƙara gun Malam Hudu mai raba ƙwayoyi.
Ya yi dariya har hularsa ta karkace:
"Ke mai Lahadi hamsin da biyu?
Ni kowace Juma'a sai na roƙi izini,
in taka keke, in tarar liman ya sauko."
Na ce, "Ku fa da rediyo kan ƙara wa kwana da daddare,
mu ji da safe, mu ma mu huta a inuwarku?"
Muka yi ta awo kamar 'yan kasuwar hatsi,
kowa na ganin tiyar ɗan'uwansa ta fi tozo.

Ashe Kaka Kande na kan benci,
ta zo karɓar man shafa na gwiwa.
Ita ba ta coci, ba ta masallaci,
tana nan inda iyayenta suka bar ta.
Ta ce, "Ku da aka rubuta ku ma kuna kuka?
Ranar da muke kai farar fura gindin tsamiya
kafin kowa ya taɓa sabon gero,
wa ya taɓa rufe ofis dominta?
Nuna min gidanta a takardar nan."

Hudu ya shiga gyara kwalabe.
Ni na duba farcena.

A ƙasan kalandar akwai wata 'yar takarda
da muka rubuta da hannunmu:
daren Kirsimeti, Hudu ne zai kwana;
Sallar layya, ni ce,
matarsa ta aiko min da soye a kwanon sha.
Alheri ne, ba doka ba.
Ran da aka yi masa canjin wurin aiki
zai naɗe shi da tabarmarsa su tafi.

Da yamma na ɗauko jan biro,
na zagaye wata Laraba a watan Satumba,
na ce, "Kaka, ga taki."
Ta matso, ta ƙura ido, ta girgiza kai:
"Yarinya, ba a yanka mata rana.
Sai gero ya faɗa."