Wuta Ba Ta Ɗinke Jijiya

Shekara talatin da ɗaya ina kwashe kashin dawaki
a bargar Alhaji, nan Kabala Doki,
ban taɓa tambayar doki inda ke masa ciwo ba
sai a kan Kurciya.

Ranar Lahadi ce, a filin folo,
ta juya kan ƙwallo kamar an murza mazari,
ƙafar gaba ta hagu ta ce a'a.
Mahayin ya sauko yana zagin ƙasa.
Na jawo ta gida da ragama,
kanta na zabura sama duk sa'ad da kofaton ya sauka,
kamar mai taka ƙaya.

Na hura gawayi, na cusa ƙarfe.
Haka ubana ya yi, haka nasa uban:
lalas uku a kan kumburi, a shafa man shanu,
saura a bar wa Mai duniya.

Ƙarfen bai yi ja ba sai ga Dakta Zulfa'u,
'yar firit, da takalmin roba da jakar goyo.
Ta dubi wutar, ba ta ce kanzil ba.
"Baba Na'iya, ja ta zuwa ƙofa ka dawo."
Ta tsuguna tana karanta sawu,
ni kuwa ina ɓoye dariya.

Ta ɗora tafi a wuya, ƙarƙashin geza,
ta bi allon kafaɗa, ta gangara gwiwa,
ta tsaya bayan ƙwauri, inda zafi ya yi sheƙa.
Kurciya ta kwantar da kunne.
"Kawo hannunka. Daga nan zuwa kofato babu tsoka,
igiya ce ke riƙe da nauyin buhun masara huɗu.
Zarurrukanta ne suka tsinke, Baba.
Wuta ba ta ɗinke jijiya."

Sai ƙanƙara safe da yamma, sai bandeji.
Tafiyar minti biyar, ina riƙe da agogon waya,
ni da ke ƙilisa har Malali ban waiwaya ba.
Ta gano kuturin dama ya sandare
don ya ɗauki bashin da hagu ta kasa biya;
ta murza shi da dunƙulen hannu
har leɓen goɗiyar ya saki, ta yi hamma.
Ta koya min yaudara da karas:
a kai shi gefen haƙarƙari, a kai shi tsakanin ƙafafu,
wuya ya lanƙwasa, ya miƙar da gadon baya.

Wata na huɗu, kogi ya ja baya,
muka shiga da ita inda ruwa ke iya gwiwa.
Masu wankin babur suka bar soso suna kallo.
Ruwa ya riƙe ƙafa, tana ɗagawa da kyau,
ɗaya, biyu, uku, huɗu,
na ji ƙirgen ya daidaita a tafiya.

Alhaji ya zo wata na bakwai, ya tambayi sukuwa.
Dakta ta ce, "Sassarfa dai. Folo kuwa, ban yi alkawari ba."
Ya kaɗa makullin mota, ya yi lissafin dusa da harawa,
bai ce a sayar ba, bai ce a bari ba.
Har yau muna nan, ni da ita, kan wannan shirun,
kullum da asuba ina shafa ƙwaurin,
sanyi ƙalau, ba kamar jiya.

Ƙarfen nan yanzu da shi nake tona wutar shayi.
Amma akwai tsohon akawal a turken ƙarshe,
tabo uku jere a ƙafarsa, aikin hannuna.
Daren jiya na ɗora tafi a wurin, na daɗe,
ya juyo ya shinshina hulata.
Bai ce komai ba.
Ni ne na kasa haɗa ido da shi, gaskiya.