Wuta Marar Hayaƙi

Guram ya ce ƙarfen ɗan ƙarami ne,
bai wuce gwangwanin madara ba,
amma dusar ƙanƙarar da ke kewaye da shi ta narke
har ƙasa tana fitar da tururi.
Su uku ne, motar katako ta maƙale a taɓo,
dare ya riske su a kan tsaunin Jojiya.
Wa zai tsinci ɗumi kyauta a tsakiyar hunturu ya wuce?
Suka jingina bayansu da shi kamar murhu,
suka raba burodi da cuku, suna dariya.

Kafin asuba amai ya fara.
Suka ɗora wa giyar Otar laifi.

Kwana uku yana harar da duk abin da na dafa.
Rana ta huɗu ya miƙe garau,
ya faskara itace, ya gyara ƙyauren akurkin kaji,
ya ce, "Tsisana, kin gani? Ɓacin ciki ne kawai."
Na je coci na kunna kyandir biyu na godiya.
Daga baya likita ya ce da ni
wannan sauƙin ma cikin cutar yake,
lamɓo take yi kafin ta dawo.

Mako na biyu na karkaɗe matashin kai,
gashinsa ya zubo mini a ƙafa.
Ya goge haƙora, ruwan ya fito ja.
A gadon bayansa, daidai inda ya jingina,
wani tabo ya tashi mai siffar gwangwani,
ya yi ja, ya yi ƙuna, ya kumbura, ya fashe,
alhali rigar da ya sa a daren ko zare bai ƙone ba.

A asibitin birni suka kawo wata na'ura
mai kuka kamar gyare,
suka bi takalminsa da jakarsa da ita.
Suka ce tururin nukiliya ne,
ya ratsa fata da tsoka bai nemi izini ba,
ya je ya zauna a ɓargo,
inda jiki ke ƙera jini.
Masu gadin jikinsa, fararen ƙwayoyin nan,
kullum da safe ana ƙirga su a takarda,
kullum da safe sun ragu.

Suka hana ni kai masa furanni.
Tuffa ɗanye ma suka ce zai iya kashe shi,
mutumin da ke saɓa gungume shi kaɗai.
Nakan wanke hannu har gwiwa, in rufe baki da hanci,
in tsaya bayan labulen roba
ina kallon jinin baƙi yana ɗiga cikin jijiyarsa.
Bakinsa duk gyambo, ruwa ma yanka yake.
Da ido yake tambayata saniya,
da ido nake ce masa ta haihu.

Otar ya rasu ran Talata.
Ba mu faɗa masa ba.

Yau kwana arba'in da ɗaya.
Likita ya ce adadin ya ɗan motsa sama,
ɗan kaɗan, kada in sa rai, kada kuma in cire.
Na koma gida na hura wuta a murhu.
Na daɗe zaune ina kallon hayaƙin,
yana shiga idona, ina barinsa,
don ita wannan wutar tana faɗin inda take.
Itacen da ya faskara ran nan
saura guda bakwai.