Kafin Albasa Ta Yi Gumi

Yaro ya kafa laima a bakin kasuwar Aliero,
riga ruwan ɗorawa, lasifika a hannu,
wai sabon layi ya iso gari,
kafin ka yi atishawa ka ce alhamdu
fim guda ya sauka cikin wayarka.
Na ce, samari, atishawar wa?
Tawa tana da jinkiri.

Ni albasa nake nomawa.
Wata huɗu ina bin ta da ruwa a fadama,
ban taɓa ce mata hanzarta ba.
Amma ran da ta shiga buhu, ita ke kora ta:
kwana uku a zafi, ta fara gumi,
a ƙara biyu, gindin buhu ya yi baƙi, ya tashi da wari.

Ga Namakka can Fatakwal yana jiran hoto,
ba ya saye sai ya ga girman kai da jan ɓawo.
Na ɗauka, na tura.
Zoben nan ya hau juyi
kamar akuya a turke,
ta cinye zagayenta, ta dawo inda ta fara.
Na hau buhu. Na hau taya. Na hau saman kaya,
hannu sama, kamar mai roƙon ruwa a shekarar fari.

Sanda ɗaya. Biyu. Ta koma ɗaya.
Ko da hoton ya isa,
Namakka ya gama da wani mutumin Jega,
ya rufe sari.

Gado, ɗana, nasa kukan daban.
Ƙwallo yake kallo a waya bayan shagon Ɗanjumma,
gidan kallo ya ɗau ihu, an ci,
shi kuwa ɗan wasansa na tsaye, ƙafa ɗaya a sama,
bai buga ba tukuna.
Ya ce, Baba, wanga layi ya kashe ni.
Na ce, wanda aka ci an ci shi,
tashi ka ɗauko jarkar fetur, gobe ka ji labari.

Amma ranar da kuɗi suka maƙale a hanya
ban yi wa kowa ba'a ba.
Direba ya ce an tura. Wayata ta yi gum.
Muka zauna gindin darbejiya,
shayi ya zagaya sau uku, ba mai duban idon wani.
Azahar ta wuce, La'asar ta bi ta.
Ana kiran Magariba saƙo ya faɗo.
Ya tada mota, bai yi mini sallama ba.
Ashe jinkirin na'ura
kan sa wa mai gaskiya rigar mai sharri.

Na kai ƙara wurin Arzika, maƙwabcina,
yana tsakiyar ɗaure ƙafar wani ɗan acaɓa da karare.
Bai ɗago ba.
Ya ce, ƙashi kwana arba'in yake so,
ko layin wa ka saya.
Ba a yi wa ɗori sauri.

Daren Juma'a Luba kan kira ni daga Birnin Kebbi,
inda take koyon jinya.
Tana cikin dariya sai hoton ya daskare:
kai a karkace, wushirya a waje,
sak uwarta,
wadda damina shida ke nan tana ƙarƙashin ƙasa.
Nan ba na girgiza waya.
Ba na hawan komai.
Nakan zauna in yi ta kallo,
har in ji haushi idan layin ya dawo da wuri.

Don haka na ce wa mai laima:
ba ni wanda zai riga ruɓa isa Fatakwal,
wanda kuɗi za su shigo kafin zargi ya sami tabarma.
Sauran gudun ka kai wa Gado.
Amma daren Juma'a ka bar mini tsohon,
ya yi ta sarƙewa yadda ya saba.

Yaron ya duba takardarsa gaba da baya.
Ya ce, Baba, wannan babu shi a cikin tsari.