Kuben Tanti Filomena

Ranar Alhamis, kasuwar Dole na cika,
ina rumfata ina tsinke zare da haƙori,
sai ga tsohuwar nan ta misiyon, Tanti Filomena,
mai sayen takalmi wurina tun ina saurayi.
Ta zauna bisa benci, ta jingine sanda da nishi.

Ta kwance bakin zane, ƙulli uku,
ta fiddo wata batta, faɗin dala biyar,
azurfar ta yi baƙi, gilashin ya tsage.
Na kai ido kusa. Bisa ɗan jan ƙyalle
ga wani abu kamar tsakin gero.
Na ce, "Mene ne?" Ta ce, "Ƙashi."

Na janye hannu.
Ta yi dariya. "Ɗan Tankari, ai ba ya cizo.
Na wata yarinya ne da aka ce ta bar Ubangijinta, ta ƙi,
can wata ƙasa, tun ba a gina Birni ba.
Sunanta na baya, hayaƙi ya ci rabi.
Shekarar da wuta ta ci mana majami'a,
rufi ya faɗi, kujeru suka zama gawayi,
da ludayin miya na yi ta tonon toka
har na same shi kwance ƙarƙashin garwashi."

Kube take so, na jar fatar akuya,
irin da majemanmu ke jemewa da bagaruwa.
Na ce, "Tanti, laya ke nan."
Ta ce, "Laya ana ɗaura ta don wuƙa da mashi.
Wannan bai tare komi ba, mai shi ma yanka ta aka yi.
Ba ma yi masa sujada, sujada ta Allah ce.
Mompera kan ɗora shi bisa bagadi ran idinta,
mu bi layi, mu sumbata, kowa ya koma wurinsa,
don mu tuna imanin nan ya taɓa yawo da ƙafa,
yana jin ƙishirwa, ana yi masa kitson gashi."

Ban tanka ba. Ni musulmi ne,
a wurinmu ƙashi na ƙasa ne, a rufe a taho.
Na auna battar da tsinke, ban taɓa ta ba,
na ce ta dawo Litinin. Ta ɗaure zane, ta tashi.

Bayan isha'i na buɗe akwatin aiki
ina neman basilla mai siririn baki,
hannuna ya faɗa kan ta Tankari.
Shekara goma sha tara rabonta da fata,
ta dakushe, ko ganyen kuka ba ta hudawa,
amma ƙotar ta lotsa daidai babban yatsansa,
kuma in na kai hanci, da sauran taba da man shanu,
abin da wani ba zai kira ƙamshi ba, ni ina ce masa ƙamshi.

Sau biyu yarana suka so jefar da ita,
sau biyu na hana su abincin dare.
Ban taɓa roƙonta komi ba, wallahi.
In aiki ya ƙi ni dai nakan riƙe ta kaɗan,
yatsana cikin gurbin yatsansa,
in ji tsohon na tari a bayana
kamar ba a yi rashi.

Na wasa ta a dutsen ƙofar gida har ta yi ido.
Da ita na yi hudar farko.
Ɗinki ƙanana, kore a gefe,
na bar taga a tsaka don a ga abin,
na murza fatar da tafin hannu har ta yi laushi.

Litinin ta zo, batta ta shige kamar can aka haife ta.
Ta juya, ta juya, ta manna a goshi, ta daɗe.
Sannan ta ce, "Nawa?"
Na ce jika biyu. Ta ce ban ji tsoron Allah ba.
Ta ba ni jika guda, ta ce sauran bashi.