Taku Goma Sha Ɗaya

Daga tagar madafata a Lokogoma
ina jin turmin Ladidi.
Na san ranar da ta kaɗa kuka,
na san daren da ɗanta ya kwana tari.
Taku goma sha ɗaya ne tsakaninmu, na ƙirga,
sai dai katanga ta zauna a tsakiya
ta naɗa waya mai ƙaya kamar rawani.

Ranar da ta haihu na dama kunun kanwa.
Na fita ta ƙofarmu, na gai da maigadi,
na tari a-daidaita-sahu,
muka bi kwalta har mahaɗa,
muka tsaya bayan tankar ruwa
har direba ya kashe inji ya hau sakace.
Muka karya hagu, muka sha taɓo,
wani maigadin ya leƙo:
“Wa kike nema? Kira ta a waya.”
Kafin in yi sallama
kunu ya huce, ya yi fata.

Ni a Gangare na tashi, can Jos,
inda lungu ke miƙa wa lungu hannu.
In an aike ni sayen daddawa
hanya biyar gare ni,
ta shida ta tsakar gidan Goggo Kande,
in shiga da gaisuwa, in fita da ƙuli a hannu.
Ba a ɓata a can.
Ko ka ɓata, gidan wani ka faɗa.

Nan kuwa kowane layi buhu ne:
baki ɗaya, gindi a ɗinke.
Gari na yaɗo kamar kabewa,
ya tsallake rafi, ya haye dutse,
yana lalube wajen Kuje,
amma ’ya’yansa ba sa taɓa juna.
Maigidana kan fita kafin assalatu,
ya dawo yara sun yi barci,
rabin albashi ya ƙone a hanya.

Baba Shekwolo mai doya a bakin ƙofa
ya taɓa nuna mini da sanda:
“Turbarmu ta nan ta bi zuwa ruwa.
Ta ƙarƙashin murhunki.
Matanmu da kaya a kafaɗa
ba su taɓa neman izini ba.”
Ya yi dariya, ya ƙara mini ƙwaya ɗaya.

Yanzu mun sami dabara ni da Ladidi:
igiyar shanya da ƙaramin bokiti.
In hau kujera, in cilla,
gishiri ya tafi, yaji ya dawo,
wani lokacin waya ta yaga ledar
barkono ya zube a ƙasar da ba ta kowa ba.

Jiya ’yata Nana tana riƙe mini kujera
ta ɗaga kai ta ce,
“Umma, wai ita Ladidin nan,
a wane gari take?”