Pesuwa Ɗaya

Ƙarfe ɗayan dare a Aboabo,
fanka na waige-waige kamar wadda ta yar da allura,
ni da allon kwamfuta muna kallon-kallo.
Adashin Mma Sahura ya ƙi cika.
Mutum ɗari biyu da sha bakwai ke zubi a hannunta,
tun daga masu albasa na Kejetia
har yaron da ke gyaran waya a bakin Alabar,
ga pesuwa ɗaya ta yi ɓatan dabo.

Laifina ne, ba na kowa ba.
Na ba kuɗi lamba mai ɗigo,
na sake shi tsirara cikin manhaja.
Na tara pesuwa goma da ashirin,
na'ura ta ce talatin ne, har da 'yar wutsiya
can bayan sifili goma sha biyar.
Wutsiyar ba ta sayen ko ɓawon gyaɗa,
amma bar ta ta kwana wata shida a littafi
ka ji sunan da za a kira Mma da shi a kasuwa.

Sai na gina aji, na raɗa masa suna Kuɗi,
ɗaki ne ƙarami, kayansa biyu:
adadi, a ƙirge da pesuwa ɗai-ɗai, ba rabi ba kwata,
sai sunan kuɗin, sidi ne ko waninsa.
Na ja ƙofa na datse, na bar taga uku,
ta ƙari, ta ragi, ta rabo.
Mai son taɓawa ya yi sallama ta taga.

Hamidine ɗan Tawa ya zo da sefarsa,
ya ce a zuba masa kan sidi, ai duk kuɗi ne.
Ɗakin ya ƙi.
Albasa da gawayi duk a buhu suke zuwa,
wa ya taɓa auna su da kwano ɗaya?
A kawo farashin canji na yau tukuna.

Rabo ne ya ba ni ruwa.
Sidi ɗari tsakanin 'yan'uwa uku,
kowa talatin da uku da talatin da uku,
pesuwa ɗaya ta rage tsaye kamar baƙon da ba a ba tabarma ba.
Na tambayi Mma, tana tsintar wake, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Ba babban. Shi ke biyan kuɗin wuta."
Haka na rubuta, layi huɗu,
hukuncin tsohuwa cikin harshen na'ura.

Saura tufafi.
Banki na son waƙafi bayan dubu, ɗigo kafin pesuwa.
Hamidine ya yi boko da Faransanci,
inda muke ɗiga ɗigo, shi waƙafi yake nema.
Mma kuwa, tun da aka yanke wa sidi sifili huɗu
ba ta taɓa amsa gaisuwar sabon ba.
Ta ga ɗari a allo, ta dafe ƙirji:
"Wa ya talauta ni? Miliyan na ba ka!"
Na ɗinka mata tata rigar, mai sifili shida reras.
Riga uku, jiki ɗaya a ciki,
pesuwa dubu goma, ba ta rame ba, ba ta yi ƙiba ba.

An kira assalatu, gwaji ya wuce lafiya.
Ta fito da littafinta mai bangon leda,
ta lashi yatsa, shafi bayan shafi,
ni ina karanto nawa, tana gyaɗa kai.
Da muka kai ƙarshe ta miƙe ba magana,
ta zazzage gwangwanin maɓallai a kan tabarma,
ta tsamo wani ɗan jan ƙarfe da ya yi duhu,
wanda ko yaron mota ba ya karɓa yanzu,
ta ɗora min shi a kan madannai.
"Ga wanda ya hana ka barci.
Je ka sayo koko, idan za a sayar maka."