Kututturan Mahaifina

A watan Afrilu dutsen Kastiyo kan ci wuta ba hayaƙi.
Lenga ce ke sauya tufa.
Daga can ƙoli jan ke fara gangarowa,
mako guda ya kai ƙugun tudu,
mako biyu ya iso bakin shingenmu.
Baƙi kan tsayar da mota su ɗauki hoto.
Ni kuwa sai in koma ciki in gyara itacen murhu.

Don na san wata wutar.
Ban gan ta ba, an haife ni bayan tokarta ta huce,
amma inna Nolfa ta ce wata uku rana na fitowa da jan ido,
wanki ya yi baƙi a kan igiya,
tumaki na tari kamar tsofaffi.
Mahaifina Baudilio ne ya ƙyasta ashanar ɓangarenmu.
An ce masa fili nasa ne in ya share.
Gatari ɗaya gare shi, da 'ya'ya huɗu,
ga sanyi na ƙwanƙwasa ƙofa.
Ya dubi kurmin, ya dubi gatarin,
ya jira iska ta juya.

Ba na zaginsa.
Bakin da ya ci ragon filin nan
bai da hurumin zagi.

Har yau suna nan kwance a gangare,
farare fat, ba su ruɓe ba, ba su tashi ba,
kamar ƙasusuwan wata dabba da ba a ba mu sunanta ba.
A kansu muka koyi tsalle.
A kansu na yage siket ɗin makaranta, na sha duka.
Shi kuwa bai taɓa zama bisa ko ɗaya ba.
Sau ɗaya tak, da tsufa ya kama shi,
yana zuƙar mate a bakin taga,
ya ce, “Da akwai wani tsuntsu mai jan kai a nan,
yana buga itace kamar mai bin bashi.”
Ya miƙo mini ƙoƙon. Bai ƙara ba.

Shekarata saba'in da ɗaya.
Bara waccan jikata Yasna ta zo daga Koyaike
da dashe arba'in cikin baƙaƙen leda,
kowanne bai wuce tsawon yatsa ba.
Muka jera su a sarari, layi-layi, kamar 'yan fareti.
Iska ta ɗauki rabonta.
Zomaye suka ɗauki nasu, ba ko godiya.
Rana ta ƙarasa.

Saura bakwai.
Bakwai ɗin da gwiwata ta gaza kai su sarari,
na tona musu rami a gindin kututturan,
inda na tsaya hutawa.
Can iska ba ta kai, can raɓa kan daɗe,
can itacen da ya mutu ke ajiye laima a ƙarƙashin cikinsa.
Yasna ta rubuta wannan a littafinta.
Ni ban rubuta komai ba.
Na dai dafa kututturen, ya yi ɗumi kamar kafaɗa.

Ba zan zauna a inuwarsu ba, na sani.
Lenga ba ta gaggawa,
ba ta san ana jiran ta ba.

Jiya mafi tsawonsu, wanda ya kai mini gwiwa,
ya zubar da ganyensa goma sha ɗaya,
kowanne kamar farcen babban yatsa, ja wur, da 'yan haƙora a gefe.
Ɗan Yasna ya rugo yana kuka, wai ya mutu.
Na durƙusa da ƙyar,
na kankare bawon da farce, kaɗan, kada in ji masa ciwo.
Kore shar.
Na ce, barci yake, bari sai Oktoba.
Ya ce, Oktoba yaushe?
Na ce, taimake ni in tashi tukuna.